Kalmar da Malam Jona ya bar mini

Malam Jona ne ya koya mana Turanci a makarantar mishan. Yakan ce kalmar "devolve" ba ta tafiya sai da "upon", domin nauyi ne ke sauka a kan mutum.

Da mahaifina ya rasu, dangi suka ce ni Manasse in bar karatu in koma ƙauye. Malam ya zo gaisuwa, ya dafa kaina, ya ce musu, "His care devolves upon me." Wato nauyin kula da ni ya sauka a kansa. Ba su gane Turancin ba, amma a gidansa na Dala na gama makaranta.

Da tsufa ya kama shi, na ɗauko shi zuwa gidana a unguwar Fezzan. Na ce, "Baba, yanzu it devolves on me."

Ya riƙe hannuna, ya yi murmushi, ya ce, "Upon, Manasse."