Kwanon Inna da Katangar Baba

Ranar wata Asabar, a daminar da na shiga aji uku na firamare, turmin Inna ya gudu. Tana cikin surfen gero ta juya ta kori akuya, kafin ta waiwayo turmi ya kwanta ya kama hanya. Muna tsaye baki sake ya ratsa tsakar gida yana tsalle, ya watsa kaji, ya ɓarke darnin kara, ya faɗa gidan da ke ƙasanmu. Muka ji ƙarar bokiti, sannan shiru. Inna, da taɓarya a hannu, ta dubi ƙanena Bello ta ce, "Tahi ka ba su haƙuri, ka ce baƙi muke."

Gaskiya ta faɗa, ba mu daɗe da tarewa ba. Baba malamin gona ne, aka yi masa canjin wurin aiki daga Gwandu zuwa Kalgo, ya sami fili a jikin tudu ya gina. Kullum yana yabon wurin: ga iska, babu sauro, ambaliya ba ta isowa. Abin da ba ya faɗa shi ne, in ka cire cikin ɗaki, babu inda ya daidaita a gidan nan. In an zuba tuwo, miya gefe guda take taruwa, wanda ya zauna ta sama sai ya ci gaya. Lokacin zafi ka shimfiɗa tabarma a ƙofar Inna, ka farka a bakin akurkin kaji. Carafke kuwa mun haƙura da ita, don dutsen da ya kuɓuce ya tafi ke nan.

Wadda ta rako turmin ita ce Maman Rifkatu, matar Malam Bitrus, malamin makaranta mutumin Zuru. Ba ta kawo shi haka nan ba, sai da ta zuba soyayyar gyaɗa a ciki, don a wurinta kayan maƙwabci ba ya komawa fanko. Inna ’yar Dalijan ce, ba ta san kowa a Kalgo ba, ba ta kuma fita sai da dalili. Na sha ganinta tana share hawaye a bakin murhu ta ce hayaƙi ne. Ranar nan ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma, suka zauna suna zamewa suna gyarawa har la'asar, ta sallame ta da daddawa. Daga nan duk abin da ya gangara, kwano ne, kabewa ce, ludayi ne, Maman Rifkatu ce ke hawowa da shi, da ɗan abin taɓawa a ciki da labari a baki. Bello ya fi kowa gane tsarin. Kwanonsa ya riƙa suɓucewa, musamman gab da Kirsimeti, in ƙamshin cincin ya taso daga ƙasa.

Baba ne abin ya dama. Ranar da Malam Bitrus ya tare shi a gaban mutane ya ce, "Malam Umaru, kabewarku ta iso lafiya," ya shigo gida yana huci, ya rantse sai ya ladabtar da tudun nan. Da rani ya kama, ya ja layi da toka ya raba tsakar gida hawa uku. Na sama na murhu da turmi, na tsakiya rumfa da dakali don cin abinci da hira, na ƙasa zogale da lalle, da ciyawar jema a baki don ta riƙe ƙasa. Mu ne masu jidar marmara in an taso daga makaranta. Ma'auninsa goruba ce: ya ajiye ta a ƙasa, in ta motsa a sake haƙa. Na tsani gorubar nan har cikin raina. Katangar dutsen da ya yi a ƙarshen gida bai bar mata mafitar ruwa ba, ruwan farko ya kwashe ta zuwa gidan Malam Bitrus. Maman Rifkatu ta aiko cewa wannan karon ba ta san abin da za ta zuba a ciki ba. Baba bai yi dariya ba, ya sake ginawa, ya bar rariya, ya toshe ta da ragar waya.

Wuri ya yi kyau, babu ƙarya. Miya ta zauna a tsakiyar kwano, goruba ta tsaya cak, abokan Baba suna zuwa kallo. Amma babu abin da ya ƙara gangarawa. Maman Rifkatu mace ce mai kunya, ba ta shiga gidan mutane hannu rabbana, Inna kuma ba ta da dalilin sauka. Kwanaki suka ja. Inna ta koma zama a kan sabon dakali tana kallon katanga, hayaƙin murhu ya dawo idonta. In Baba ya ce, "Ba ki ji daɗin wurin ba?" sai ta ce, "Ya yi kyau, malam."

Wata safiya na ga Inna ta sauka hawa na ƙasa, ta tsuguna ta zare ragar wayar, ta kwantar da ƙaramin kwanon sha a bakin rariya, ta tura shi da ƙafa. Muka ji ƙararsa yana gangarawa har ƙasa. Ashe Baba yana ƙarƙashin rumfa yana asawaki, ya ga komai. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tofar ya ce, "Wanga tudu ba shi da magani." Kafin hantsi Maman Rifkatu ta zagayo da kwano cike da ƙuliƙuli. Washegari Baba ya ɗauki diga ya faɗaɗa rariyar, wai saboda manyan ruwa, har ta isa kabewa ta wuce.

Yanzu Baba ya rasu, su Malam Bitrus sun koma Zuru, sai gaisuwa ta waya. Sababbin masu gidan ƙasa mutanen kirki ne, amma ban san sunansu ba. Zogalen ya fi rumfa tsawo, rariyar tana nan yadda Baba ya bar ta. Da sallar bara ƙwallon ’yata ta bi ta ciki, ba a jima ba aka wurgo ta ta saman katanga. Inna ta ɗauka ta jujjuya ta a hannu, ta ce a hankali, "Ko gyaɗa babu." Duk muka yi dariya, amma ni na san ba gyaɗar take nema ba.