Mu'allim Abdulghaffar, Wanda Ya Wanke Muryar Fatu Zabiya

Kafin rana ta leƙo ta bayan gidajen unguwar Nuzla a Jidda, Mu'allim Abdulghaffar ya riga ya dawo daga masallaci, ya biya wajen mai tanderu ya karɓi gurasarsa da zafinta, ya tura ƙofar shago da kafaɗa. Shagon ba wani girma gare shi ba, in mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya a ƙofa. Ba ya taɓa shayinsa sai ya ɗauki auduga ya goge kan kowace rikoda, ya share piyanonsa na lantarki, ya kunna na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Saboda haka kullum a huce yake shan shayin. Shekara talatin da uku ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai rufe ya koma Multan, garinsu a Pakistan. Na ga bai kamata ya tafi ba a ce masa komai ba.

A 1979 ya sauka Jidda da sunan mai gyaran rediyo, amma waƙa ce a ransa. Da ya samu hali ya sayi piyanon nan mai ganguna a ciki, ya fitar da kaset uku da harshen garinsu. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne 'yan amshi, don ɗora murya yake yi kan muryarsa. Direbobin unguwar Abhur 'yan ƙasarsu sun saya sun sha kuka a mota, amma sunansa bai wuce nan ba.

Hausawan unguwannin Nuzla da Karantina ne suka riƙe shi. A zamanin da waya ke wuya, tsohuwa za ta zauna gaban makirfonsa ta gaida dangi ɗaya ɗaya, a ba alhazai kaset su kai gida. Da ya danna ɗauka sai ya fita ya tsaya waje, wai kar ya ji sirrin mutane. Yadda aka yi ya iya Hausa duk da wannan fitar, shi da Allah. Zabiyoyin biki ma wurinsa suke zuwa, don ya yi wata uku yana zama da wani makaɗi har sai da na'urarsa ta koyi tafiyar kalangu.

Aikin da unguwa ba za ta manta ba ya zo ne bayan ambaliyar 2009, wadda ta faɗa wa Jidda ana gobe Arfa. Kwana biyar da ruwan, Mastura ta shigo shagon da wani abu ƙunshe a gefen mayafinta. 'Yar marigayiya Fatu Zabiya ce, haifaffiyar Jidda, ta fi jin Hausa da mayarwa. Ta buɗe ƙunshin a kan tebur: kaset ne da ya sha laka, zarensa ya fito ya cukurkuɗe.

"Ammi, ka taimake ni," in ji ta, don haka take kiransa, wato kawu da Larabci. "Ummi ce a ciki."

Ya gane rubutun hannunsa a jikin kaset ɗin. Shi ya ɗauke shi a 1986. Waƙar gidansu ce, wadda ake rera wa kowace 'yar gidan ranar lalle, ana jero sunayen kakannin da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa. Tun da Fatu ta rasu kaset ɗin ke rerawa a madadinta, don ba wanda ya haddace a gidan. Ga shi saura mako uku a sa Zakiya, 'yar Mastura ta fari, a lalle.

Ya juya kaset ɗin ya ga ya lanƙwashe. "Rana ta taɓa wannan."

"Na shanya shi a soro tare da kaya."

"Kaset ne, ya binti, ba katifa ba! Kin kunna?"

"Sau ɗaya kawai, bas."

"Sau ɗaya bas! La haula."

Ta tambaya ko yana da wani a ajiye. Ba shi da shi. A wancan zamani kan kaset ɗaya yake ta maimaita ɗauka, kuma ranar ya ji haushin kansa ƙwarai. Ya ce mata bai yi alkawari ba, ta dawo bayan kwana goma.

Badaru tela, maƙwabcinsa, shi ya ga aikin da idonsa. Ya ce Mu'allim ya rufe karɓar aiki, ya kwance kaset ɗin, ya sayo ruwan batir saboda ba gishiri a cikinsa, yana wanke zaren taƙi taƙi da auduga. Ya ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango ya rataye shi a inuwa kamar mai shanyar taliya, duk wanda zai shiga sai ya sunkuya. Inda ya tsinke ya liƙa, inda ya yamutse ya daddanna da bayan cokali. Sannan ya naɗe shi cikin sabon gidan kaset da biro, a hankali, da hannu. Badaru ya ce ko fanka aka ƙara wa gudu sai ya yi faɗa.

Rana ta tara bayan la'asar ya sa shi a rikoda. Ya daɗe yatsansa na kan maɓallin bai danna ba, don ya san zaren ba lalle ya jure wucewa biyu ba. Ya haɗa da kwamfuta, ya yi bisimilla, ya danna. Aka ji shuuu, sai ga kiɗan da shi kansa ya kaɗa yana saurayi, sai ga Fatu ta ɗaga murya garau. Mu'allim ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa yana hamdala. Badaru ya ce bai taɓa ganin ya yi ajiyar zuciya irin ta ranar ba.

Amma a tsakiyar waƙar muryar ta ɗauke, daidai inda rediyon Mastura ya tauna. Baiti ɗaya ya tafi. Da ya so, da ya haɗe bakin biyu ya shafe wurin, Mastura ba za ta taɓa ganewa ba. Shi kuwa ya san suna ne ya faɗi a nan, kuma ba zai jefar da kakar mutane don aikinsa ya yi kyau ba. Ya tuna karin, kalmomin ne suka ɓace masa. Washegari ya ɗauki 'yar rikoda ya nufi Karantina neman Dela, wadda ta yi wa Fatu amshi shekara ashirin.

Ya same ta ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta saurara, da aka zo gurbin ta cike shi ba tare da ta yi tunani ba: "Mariyamu ta Katagum, mai tafiyar shekara bakwai."

"To Hajiya, yalla, mu je ki faɗa a makirfo."

"A'a, Mu'allim. Ni 'yar amshi ce. Ban shiga gaban Fatu tana raye ba, ba zan shiga yanzu ba. 'Yarta ta faɗa."

Da Mastura ta ji, sai ta ja da baya. "Ammi, Hausata a karye take. Wallahi dariya za su yi."

"Ni Hausata daga Multan ta zo, wa ya mutu don ya ji ta? Zauna."

Sau goma sha ɗaya aka ɗauka, Dela na gefe tana gyara mata, shi yana riƙe mata kiɗa. Bai goge rawar da muryarta ta yi ba, ko da yake na'urarsa za ta iya. Ya ɗora baitin a gurbinsa ya kunna daga farko. Fatu ta jero kakanni, ta yi shiru, 'yarta ta kira Mariyamu, Fatu ta karɓa ta ci gaba kamar dama jira take. Mastura ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe, abin da ta iya cewa shi ne, "Halas, shi ke nan, Ammi. Yau zan iya cin abinci."

Ranar lalle ba ya wurin, don maza ba sa shiga. Yana shago yana ta leƙen hanya har Dela ta aiko masa cewa ba wadda ta yi dariya, kuma sau huɗu mata suka sa aka maimaita.

Kai ne wannan, Mu'allim. Kai ne ka zo neman a ji muryarka, ka ƙare kana tsaron muryoyin wasu, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Kai ne mai fita waje don tsohuwa ta yi kukanta a sake. Gwanin kunne, mai haƙurin zare. Ba a buga hotonka a jarida ba, amma akwai gidaje daga nan har Katagum da in an yi kewar mamaci, aikin hannunka ake kunnawa.

Masu sana'a, ku duba mutumin nan. Akwai wurin da za ku iya rufewa mai kaya bai gani ba. A nan ake gane ko wane ne ku. Masu tsofaffi a gida kuma, ku zauna ku koya daga bakinsu tun suna nan, kar ku bar wa kaset.

Mun gode, Mu'allim Abdulghaffar. Allah ya kai ka Multan lafiya, ya sa ka tarar da naka lafiya. Ka tafi hankalinka kwance. Bara Zakiya ta haifi mace, kuma ranar suna Mastura ta rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, da ka.