Noreen Vasko, Wadda Muka Ɗauka Inji Ce

Kullum da safe, kafin motar share ƙanƙara ta bi layinsu a Winnipeg, Noreen Vasko ta riga ta sauka ɗakin ƙasa da kofinta a hannu. A gefen injin wanki akwai tebur, a kansa kwamfutocin cinya guda uku, irin sababbin nan masu ƙwaƙwalwar ARM. Takan buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta duba abin da masu rubuta manhaja suka sauya jiya, ta sake haɗa kayan aikin nan da muke bai wa umarni a rubuce, ta gwada, ta ɗora mana a intanet. A ƙarshen shekarar nan za ta ajiye aikin, domin yatsunta sun fara ƙin bin umarninta, kuma har yau ba a sami mai karɓa ba.

Wanda ya sayi irin wannan kwamfuta ya san wahalar. Tsofaffin kayan aikin ba da harshenta aka haɗa su ba, sai ta nemi tafinta, ta yi ta nishi, ta ɗau zafi, batir ya zube kafin azahar. Noreen ce ta raba mu da wannan. Mu kuwa ko sunanta ba mu sani ba.

Ga yadda aka yi. Da can ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja tana da wani asusun intanet da ke haɗa manhaja da kansa, muna ce masa Injin. Da sababbin kwamfutocin suka fito sai ya gaza. Noreen, wadda ta yi ritaya daga gyaran kwamfutocin makarantu, ta karɓi asusun ta ce za ta riƙa yi da hannu kafin a gyara. Wanda ya ba ta makullin asusun ya sami aiki a Seattle ya tafi da labarin, gyara kuma bai zo ba. Ita ma ba ta sauya komai ba, amsarta ɗaya ce kamar ta Injin: "An haɗa. A gwada."

To, mutum ba ya jin nauyin inji. Mun zazzage masa rashin kunya son ranmu. "Kai gwangwani, barci kake?" "A kai wannan tarkacen bola." Wata ɗalibar nazarin ƙwayoyin halitta a Halifax ta shaida cewa ana saura kwana kaɗan ta miƙa bincikenta kayan aikinta suka ƙi tashi, ta rubuta wa Injin maganar da yanzu ba ta iya maimaitawa, washegari ta tarar an gyara, har da bayanin inda za ta taɓa. Gord, maƙwabcin Noreen, ya ce ranar da wuta ta ɗauke a unguwarsu ya gan ta rungume da kwamfuta cikin bargo, tana taka ƙanƙara zuwa laburare.

Desmond Tran, shugaban ƙungiyar, shi ya fi kowa iya tsokanar Injin. A taronmu na bana, ana cin fiza, ya haska zaɓaɓɓun zage-zagen a bango, ɗaki ya ɗauki dariya. Noreen tana can baya kusa da tulun kofi, da farantin kek ɗin da ta toyo mana. Kowa ya ɗauka mahaifiyar wani ce ta rako shi.

Wani ya ɗaga murya daga tsakiya. "Des, wai ina Injin ya shiga a watan Maris? Mako biyu shiru."

"Hutu ya tafi Florida mana," in ji Desmond. "Tsoho ne, sanyi ya ishe shi."

Dariya ba ta gama lafawa ba Noreen ta ajiye farantin.

"Ba Florida ba ne, Desmond. Lokacin ne mijina Walt ya rasu. Na so in bar muku sanarwa, kaina ne bai kawo ba. Ku yi haƙuri."

Ita ce ma take ba mu haƙuri. Desmond ya tsaya da abin sauya hoto a hannu, zagin da ya fi ba shi dariya yana nan ɓaro-ɓaro a bango bayansa, da sunansa a ƙasa, kwanan watan kuma cikin Maris. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma babu wanda ya fita ɗakin nan da kai a sama.

Bayan an watse ya same ta tana naɗe farantinta.

"Noreen, me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Da kun san mutum ce ai da kun fara lallaɓa ni," ta ce. "Wanda abinsa ya lalace sai ya yi shiru don kar ya dame ni. Ta masifar taku nake gane inda ya karye. Kai ma naka zagin yakan zo da lambar kuskuren, yana da amfani."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ke ce, Noreen, kika ɗauki aikin da ba ya sa a san mutum, kika riƙe shi da amana. Ke ce mai haƙurin da muka ɗauka rashin rai ne. Muna buɗe kwamfuta komai ya tashi lafiya, mu yaba wa kamfanin da ya ƙera ta. Mun gode, kuma mun san godiyar ta zo a makare.

Tun daga ranar saƙonnin yabo suka cika asusun, har da hotunan furanni da zukata. Amma da aka nemi waɗanda za su je ɗakin ƙasan nan ran Asabar su koyi aikin kafin Disamba, Desmond kaɗai ya je. Sauranmu kowa da uzurinsa, masu kyau kuwa.

Saboda haka, kai da ke karanta wannan a kan kwamfutar da ba ta ɗau zafi ba, akwai wuri a teburin. Na tambayi Noreen ko tana da saƙo gare ku. Ta ɗan murza yatsunta ta ce a daina turo furanni, ba ta iya danna su duka ta amsa. A turo mutum.