Iƙamar Umma da Wasa na Uku

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba, ban kuma taɓa ganin filinsa da idona ba. Na san wasan ne ta bakin abokin aikina a shagon yadi na kasuwar Bab Makka, wani ɗan Kano mai baki kamar rediyo, wanda shekararsa biyu ke nan a Jidda. Ni a unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji ya yi zamansa. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar, sai abokin nan ya ciro waya ya nuna mini wasu Amurkawa cikin fararen wanduna, ɗaya yana jifa, ɗaya yana duka, sauran suna tsaitsaye kamar masu jiran mota.

"Wannan ai wasan malalata ne," na ce masa.

"Malalata? Ɗan'uwa, shi ne wasan da ake bugawa kullum ta Allah. Kuma ni ba caca nake yi ba, sistem nake bi."

Sistem ɗin nasa ƙa'ida biyu ce. Ta farko, ƙungiyoyi biyu kan kara kwana uku a jere. Sai ka zaɓi babbar ƙungiya, ka sa kuɗi kaɗan a kanta ranar farko. In ta faɗi ka ninka washegari, in ta sake faɗuwa ka sake ninkawa, har da ɗori, domin ribar babba ba ta da yawa. A cewarsa babba ba ya faɗuwa sau uku a hannun ƙarami. Ta biyu, ka ware jarinka daban, ka kasa shi kashi hamsin, kada ka fara da fiye da kashi ɗaya, kuma ko ana ha-maza-ha-mata kada ka taɓa kuɗin gida.

Ƙa'ida ta biyun nan ita ta cuce ni, saboda ta yi kama da maganar mutanen kirki. Mu da muka tashi a kasuwa mun san ba a cin uwar kuɗi. Na san caca haramun ce, na san a ƙasar nan in aka kama baƙo da ita ba doguwar magana. Amma da na sayi ɗan littafi na ja layi, nan jari, nan riba, sai na ji ni ɗan kasuwa ne. Ban lura cewa ƙa'idojin biyu ba sa ga maciji ba: ɗaya tana cewa ka riƙe hannunka, ɗaya tana cewa ka ninka.

Kuɗin, abokina nake miƙa wa, shi ya san hanyar da suke bi. Ana buga wasannin lokacin da Jidda ke barci, sakamako sai da asuba. Da kunya nake faɗa, akwai ranakun da goshina yana ƙasa a sujada, zuciyata tana cikin aljihu wurin waya. Sati shida ina ci, kaɗan-kaɗan, amma ban ji daɗin ko kwana ɗaya ba. In na ci, fargabar gobe. In na faɗi, abinci ba ya wucewa.

A shekarar nan azumi ya faɗo cikin zafi. A watan Sha'aban iƙamar mahaifiyata, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Umma waina take soyawa a ƙofar gida tun ina yaro, kuma duk azumi takan bi matan unguwa a bas su je umara. A kan hanyar Makka akwai shingen da ake duba takardu, wanda iƙamarsa ta mutu ba ya ma kusantar wurin. Ta kira ni ɗaki ta miƙo mini kuɗin sabuntawa a ƙulle cikin leda, suna ƙamshin man gyaɗa.

"Ya waladi, ɗana, ka kai wa mutumin kafili. Kada ka bari su kwana a hannunka."

Kafili shi ne ɗan ƙasar da ya tsaya mata a takarda. Na je ofishin mutumin nasa a unguwar Kurayyat, aka ce ya yi tafiya, sai bayan mako guda. Na dawo na cusa ledar ƙarƙashin kayana.

A makon nan ne na yi wayon banza. Ganin ina ci, na ƙara girman abin da nake farawa da shi, kuma na bi ƙungiyoyi biyu lokaci guda. Duka biyun suka faɗi ranar farko. Na ninka, suka sake faɗuwa. Na buɗe littafi na ga abin da wasa na uku ke nema. Jarin da ya rage bai kai rabin na ƙungiya ɗaya ba.

Na yi ta kai da komo tsakanin ƙofa da akwatin kayana. Na ce wa kaina aro ne na kwana ɗaya, gobe war haka sun koma ledarsu. Na zaɓi wadda ta fi girma cikin biyun, na kwance ƙullin da Umma ta yi da hannunta.

Akwai abin da ban sani ba. Ni ƙwallon ƙafa na tashi ina kallo, inda ƙungiyar da ka gani jiya ita za ka gani yau. A besbol kuwa rabin wasan yana hannun mai jifa, kuma kullum canza shi ake yi. Gwaninsu in ya yi jifa yau, sai ya huta kwanaki. Ran nan wani sabon shiga suka saka. Na ga sunan ya canza a waya, ban ɗauke shi bakin komai ba.

Ran nan har gari ya waye wasan bai ƙare ba. Na zauna a dakalin ƙofa, Umma tana gefe tana zuba ƙullu a tanda, masu saye suna miƙo kwanuka. Ba hoto nake gani ba, lambobi ne kawai ke canzawa. Muna gaba da biyu, sai aka yi kunnen doki, sai suka wuce mu da ɗaya.  Na so in yi addu'a, na rasa da wane baki zan roƙa. A zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, lambobin suka tsaya cak a haka.

"Ci tun da zafi," in ji Umma, ta ajiye mini waina uku a faranti. "Kwanan nan duk ka rame."

A shago abokina ya kama haɓa. "Kai, ba ka duba mai jifa ba?" Bai taɓa ambata mini shi ba, amma ban yi faɗa da shi ba. Ba shi ya kwance ledar ba.

Kwana goma ina ce wa Umma mutumin bai dawo ba. Na nemi mai shago ya ba ni albashi gaba, ya ce sai bayan salla. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi. Ana gobe tafiyar umara na same ta tana guge farin mayafinta, na durƙusa na faɗa mata komai, har da mai jifa, kamar hakan zai rage wani abu.

Ta ci gaba da gugarta. Na so ta zage ni, wallahi na so.

"Hannun wa kuɗin suka shiga?"

"Ban san shi ba, Umma."

"Halas. Tashi, ka tare mini haske."

Washegari bayan la'asar bas ta tsaya a bakin layi. Maƙwabciyarmu ta leƙo tana cewa, "Yalla, Hajiya, ana jiranki." Umma ta fita har ƙofa da zanen gida. Ina bayan labule na ji ta tana cewa bana ƙafa ta matsa mata, su yi mata addu'a in sun ga Ka'aba. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ban taɓa jin Umma ta yi ƙarya ba sai ran nan, da azumi a bakinta, don kada unguwa ta san abin da ɗanta ya yi.