Ƙwan Gwaggo

Shekara arba'in Tela yana taka keke, kuma a ganinsa duk abin da ya lalace a duniya ɗinki ne maganinsa. Da 'ya'ya suka watse, masu kawo ɗinki suka ragu, abokiyar hirarsa ta zama wata tsohuwar kaza da yake kira Gwaggo. A ƙarƙashin keken take wuni tana tsattsagar zare, shi kuma yana kai mata ƙarar masu cewa ya matse musu wuyan riga.

Sai sanyi ya shigo. Kajin gidan suka takure a akurki kamar an yi musu rasuwa, ƙwai ya ɗauke ƙaf. Matarsa ta yi wa ƙananan uzuri, amma ta ce Gwaggo ba ta da aiki sai ci. In Asabar ta zo babu ƙwai, tukunya za ta shiga.

Hankalin Tela ya tashi. Ya toshe kafofin akurki da ƙyallaye, ya shimfiɗa buhu, ya koma ba ta ruwan ɗumi. Sannan ya auna ta, ya ɗinka mata riga mai shafi, har da aljihu, wai hannu ya saba. Bawan Allah bai san kaza gashinta take buɗawa ta ji ɗumi ba, rigar kuwa ta danne shi. Gwaggo ta yi ta tafiya da baya har ta faɗa kwanon ruwa. Dole ya tuɓe mata yana ba ta haƙuri.

Asabar da safe akurki wayam, babu ƙwai ko ɗaya. Ya sulale wajen mai shayi, cikin sauri ya ɗauko ƙwai ɗaya daga farantin da ke kusa, ya tura ƙarƙashin Gwaggo. Sannan ya kira matarsa ta zo ta ga ikon Allah.

Ta ɗauka ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa shi a jikin ƙofa, ta ɓare tsaf a gabansa. Dafaffe ne.

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta daɗe tana kallon tsohon nan da ya tsaya tsakaninta da kaza, yana ɓoye rigar a bayansa. Tausayinsa ya kama ta. Ta raba ƙwan biyu ta miƙa masa rabi.

"Malam, kazar da ke saka dafaffen ƙwai ai ba a yanka ta," in ji ta. "Gobe ka ce mata ta haɗo da gishiri."