Jirgin da Baba Ya Tura

Ƙanena ya ba masu sayen tsohon ƙarfe guntun ƙarfen Baba, kuma ban yafe masa ba. Da na tare shi a zaure sai ya ce, "Haba Yaya, abin da kuke fasa goriba a kai? Rai gare shi?" Na ce, "Ya fi ka amfani a gidan nan."

Guntun layin dogo ne siriri, tsawonsa kamu ɗaya. Baba ya zo da shi Matamaye cikin buhu daga Jos, inda ya yi haƙar kuza yana saurayi. Yakan ce can akwai jirgin ƙasa marar inji: akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu, a cika shi da ƙasar rami, mutum biyu su tura har wurin wankin kuza. Layin kuwa, in ji shi, don ƙanƙanta kana iya tsayawa ƙafa ɗaya bisa kowane ƙarfe. A gangare ba birki, sai guntun itace da ake cusa wa ƙafar. A nan ya baro yatsu biyu.

Shekarar da na je biki Kano na ga jirgi na gaske, na dawo baki ya buɗe. Ranar wani suna yana ba baƙi labarin, ina ajiye kwanon fura na ce, "Baba, ni fa na ga jirgi da idona. Shanu goma ba su motsa shi, balle kai. Amalanke dai kuka tura." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya dara, ya ja hannun nan cikin riga. Bai ƙara tada zancen ba har ya rasu.

Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kwanan baya malamarmu ta ce kowa ta rubuta sana'ar mahaifinta. Na rubuta noma, sannan na ba su labarin jirgin don su yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta laluba salularta, ta miƙo mini wani tsohon hoto: maza biyu ba riga, kafaɗa a jikin akwatin ƙarfe, ga layin nan ɗan siriri ƙarƙashin ƙafafunsu.

Na koma gida in taɓa ƙarfen, na iske gurbinsa a ƙasa. Na zazzaga wa ƙanena abin da ke bakina, amma na san wadda ta rufe bakin tsohon. Yanzu na iya rubutu, kuma ko sunan ramin ban sani ba.

Gwaggonmu ta ji hayaniyar, ta ce wanda suka tura akwati ɗaya da Baba yana nan a garin Ɗan Barto, ya kurmance amma hankalinsa garau.

Da safe na ƙulla goro a gefen zane, na ɗauki littafina da bik ɗin rubutu, na nufi tasha.