Yakuba Mai Ƙirga Haƙoran Pon

Yakuba ya baro Garagumsa yana saurayi, shekarar da gero ya ƙi, ya zo Damagaram neman abin yi. A wani garaji ya fara da wankin ƙarafa. Kafin ya kai talatin ya buɗe nasa wurin a Kara-Kara, a filin wani Alhaji Kolo da ya ce masa ya zauna har sai ranar da aka buƙaci wurin.

Ƙananan motocin da turawa da ma'aikatan gwamnati suka bari su ne aikinsa. In wata ta mutu murus, sai ya kwance ta, ya jera kayanta cikin rabin tano-tano, wato gangunan ƙarfe, a bayan rumfa. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne pon, wato tukunyar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun baya na mota, mai raba musu ƙarfin inji. Yakan ƙirga haƙoran babban faifan da na ƙaramin, ya raba, ya gaya maka ko motarka ta gudu ce a kwalta ko ta jan kaya a rairayi. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma lissafinsa bai taɓa kuskurewa ba.

Ya haura sittin idanunsa suka fara dushewa. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Matarsa Indo ta ce ya zauna gida. Ya ƙi. Da sanda yake zuwa, ya zauna a kan tsohuwar taya, a miƙo masa ƙarfe ya shafa ya faɗi sunansa da motar da ya fito. Sai dai masu miƙowar suna ta raguwa. Gari ya cika da kabu-kabu da motoci masu lantarki a ciki, waɗanda sai an jona musu na'ura suke faɗin ciwonsu.

Bayan girbin bara wani manomi daga Zermu, Nomau, ya sa aka janyo masa tsohuwar motar da ya gada wurin ubansa. Da ita yake kai gyaɗa kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyensu. Yakuba ya sa aka buɗe pon ɗin, ya cusa hannu cikin baƙin mai, leɓunansa na motsi.

"Talatin da tara a babban, takwas a ƙaramin, uku sun karye," in ji shi. "Wa ya ce ka ɗora mata buhu goma sha biyu?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Baba, akwai magani?"

"Akwai irinsa guda ɗaya tak, a tano na huɗu. Amma sai mun samo roba da maƙalai. Ka dawo ranar Alhamis."

Indo ta ce rabon da ta ga ya ci tuwo ya nemi ƙari kamar ranar, ta manta.

Alhaji Kolo ya rasu tun da damina. Ranar Talata, zazzaɓi ya kwantar da Yakuba a gida, magada suka zo da wanda ya sayi filin zai gina shaguna. Ba su san akwai mai sauran amfani da tarkacen ba. Suka kira masu sayen tsohon ƙarfe, aka ɗora komai a sikeli, aka loda kamiyo ya nufi kudu.

Da Yakuba ya zo ranar Alhamis, sandarsa ba ta taɓa komai ba sai ƙasa mai danƙon mai. Babban ɗan marigayin, Rashid, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa kuɗin ƙarfen a ambulan.

"Ku yi haƙuri Baba, wallahi mun ɗauka shara ce."

Yakuba bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko kamiyon ya wuce iyaka. Aka ce tun jiya.

Sati biyu Nomau yana yawo da shi a bayan babur, garaji zuwa garaji, har Mirya. An sami pon guda biyu, Yakuba ya shafa, ya girgiza kai: ɗaya haƙoransa sun yi kaɗan, ba zai ja kaya a rairayin Zermu ba, ɗayan kuma na wata mota ce daban. Daga ƙarshe Nomau ya sayar da motar ga masu sikelin nan, ya sayi amalanke da jaki.

Da azumi ya wuce, zaman birni ya gagara. Indo ta ɗaure kayansu suka koma Garagumsa, gidan ƙanensa Hamisu, aka ba su ɗaki ɗaya kusa da rumbu. Yanzu da hantsi ana shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedi, a ajiye masa ƙwaryar gyaɗa ya ɓare. In rana ta karkato inuwar ta gusa, yakan zauna a cikin zafin har sai wani ya tuna ya zo ya matsar da shi.